Jan Hatimi a Igbosere

Mun bar Agege ana kiran assalatu,
Baba a kujerar gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi,
ni a baya, na rungume fayil kamar jinjiri.
A kan doguwar gada mota ta ƙi gaba,
ruwa dama, ruwa hagu.
Ya ce, "Ladidi, duba mini,
Legas ce ta dushe, ko yanar idona ce ta ƙaru?"

Shekara arba'in yana sauke albasa a Mil Sha Biyu,
tirela bayan tirela daga Aliero,
ba rasit, ba lauya,
"na saya", "na sallama", sai a tafa.
Bakinsa ne hatiminsa.
Bana banki ya ce baki ba ya shiga kwamfuta.

Ofishin yana hawa na uku, an ɗauke wuta.
Na ƙirga matakalar da numfashinsa: talatin da tara.
Lauya mai hatimi ta sauke tabarau kan hanci,
ta ce kowa ya fito da katinsa.
Shaidu biyu take so, kuma ban da ni:
wadda za a damƙa wa wuƙa da nama
ba ta yi wa kanta shaida.
Malam Tanimu ya zaro nasa daga cikin hula.
Iya Risi maƙwabciyarmu ta kwance bakin zane,
goro ya faɗo, makulli ya faɗo, sannan kati.

Sai aka ce in ɗan fita.

Na tsaya a baranda ina kallon rawayen motoci,
kunnena na jikin ƙofa, ba zan ɓoye ba.
Na ji tafinta yana juyo tambayoyi ɗaya ɗaya:
Yau wace rana?
Ka san abin da kake miƙawa?
Akwai wanda ya matsa maka?
Baba ya ce, "Talata ce. Gumina ne.
Wadda kuka kora waje, ni na yi mata huɗuba a kunne."

Da na dawo aka karanta masa shafi huɗu,
Turanci na shiga, Hausa na fita:
in cire, in zuba, in biya hayar rumfa,
in bi masa bashin da ya kwana a Idi-Araba.
Gidan Agege kuwa, ya buga sanda,
a rubuta ba na sayarwa ba ne. Aka rubuta.
Duk ranar da ya so ya janye, sai ya janye.
"Ranar da na cika fa?"
"Ranar takardar ma ta cika."
Ya yi dariya har da tari:
"Ashe mu biyu za a ɗauka a makara."

Ya karɓi biro, ya faro daga dama,
ajamin da ya yi ta rubuta bashi da shi a bangon rumfa.
Alif ya miƙe,
hannu ya yi rawa, wawu ya ja jela har gefen takarda.
Lauya ta dubi kati, ta dubi jelar, ta girgiza kai,
ta turo ƙaramin gwangwanin tawada.
Babban yatsan da ke gane ruɓaɓɓiyar albasa
tun daga bayan buhu,
shi na kama, na kai inda aka nuna.
Ya danna da kansa.

Tanimu ya sa hannu. Iya Risi ta sa, tana cizon leɓe.
Tafinta ya rantse bai rage ba, bai ƙara ba.
Aka sa kwanan wata.
Ƙarfe ya ciji jan tauraro, ƙaras,
kamar an ɓare sabon goro.

A ƙasa, bakin titi, ya laluba aljihu,
ya daɗe yana lalube, sai ya bari.
"Ladidi, biya mana kuɗin mota."
Ya riƙe wuyan hannuna muka tsallaka.
Sai a gida na ga shuɗin zanen yatsansa a fatata.
Na yi alwala sau uku bai fita ba.